Na sauke motata da koyiloba, yanzu tana dukan hanya kamar babu shoka

Mai Farar Mota:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni sukuni. Sati uku ke nan da na ɗaura wa motata koyiloba ƙafa huɗu, wato shoka da sifirin a haɗe da ake iya ɗaga mota ko sauke ta da su, irin mai zare a jikin shokar tun daga sama har ƙasa. Kowace tana da zobba uku: biyu a ƙarƙashin sifirin, ɗaya can ƙasa a bakin gindin da ake ɗaurewa a ƙafar mota. Da aka gama ɗaurawa na ga motar ta fi yadda nake so tsayi, sai na ɗauki sifanar da ta zo a kwalin, na sassauto zobban da ke riƙe da sifirin, milimita 30 a gaba, 25 a baya. Motar ta zauna, ta yi kyau ƙwarai. Amma tun ranar ban sake jin daɗin tuƙi ba. Ɗan tudu kaɗan sai in ji dum har cikin ƙashin bayana. In taya ta faɗa rami kuma sai wani ƙarfe ya yi ƙwal. Ga shi da na auna daga ƙasa zuwa bakin mudigad, gaban hagu ya fi na dama sauka da milimita 8, na ɗaure zoben hagu na ɗago shi, yanzu kuma kwanar dama da ta hagu ba iri ɗaya nake jin su ba. Kayan ne ba su da kyau, ko ni na ɓata?

Baba Bakanike:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin kowa ya ce komai, ɗaga gaban motar, ka sa mata ƙafar ƙarfe ta tsaya a kai, taya ta yi lilo. Ka kama sifirin da hannu ka girgiza. Yana motsi?

Mai Farar Mota:
Yanzu na gwada, Baba. Na dama yana wasa sosai, har ina ɗaga shi sama da ƙasa da yatsa biyu. Na hagu ma yana motsi amma bai kai na dama ba.

Baba Bakanike:
To ga ƙwal ɗinka nan. Duk sanda taya ta sauka rami, sifirin na barin mazauninsa, in ta dawo ya faɗo da ƙarfi. Wata rana zai faɗo a karkace ya ci zaren shokar. Kayanka lafiya lau suke, zoben da bai kamata ba ka juya. Ka sassauta sifirin ya yi laushi, shi ya sa motar ke nitsewa tana dukan ƙasa. Ka mayar da shi ka ɗaure tamau ya yi tauri.

Injiniya:
Baba, a gafarce ni, maganin da ka bayar daidai ne, amma dalilin akwai gyara a ciki, kuma gyaran na da amfani don kada ɗan'uwanmu ya faɗa wani kuskuren. Sassauta zobe ba ya sa sifirin laushi, ɗaure shi kuma ba ya sa shi tauri, matuƙar sifirin irin mai tazara ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, wanda shi ne a yawancin koyiloba masu zobba uku. Mai Farar Mota, duba jikin sifirin na gaba, akwai lamba a rubuce. Sannan ka auna tsawon sandar shokar da ke fitowa waje idan taya na lilo, da kaurin robar nan da ke jikin sandar, mai tare shoka idan ta shige ƙarshe.

Mai Farar Mota:
An rubuta 8K a jiki. Sandar ta kai milimita 110 idan na haɗa da inda robar take, robar kuma 30.

Injiniya:
Madalla. 8K na nufin kilo 8 ne ke matse sifirin milimita ɗaya. Kilo 80 milimita 10, kilo 160 milimita 20, haka yake tafiya ko ka ɗaure zobe ko ka sassauta. Mu ƙaddara kusurwar gaban motarka na ɗora wa sifirin kilo 320, misali ne kawai don lissafi ya fito. Idan aka sauke motar ƙasa, sifirin zai matsu milimita 40, sandar shoka ta shige ciki milimita 40.

Tafiyar sandarka 110 ce, cire 30 na roba, saura 80 kafin a taɓa robar. Da zoben yana taɓa sifirin daidai, ba matsi ba sako-sako, motar za ta zauna a tsakiya: 40 na sauka idan taya ta faɗa rami, 40 na hawa idan ta hau tudu. Kai kuma ka sauko da zoben milimita 30. Sifirin bai san an yi ba, 40 ɗinsa zai matsu kamar kullum, amma sandar shoka yanzu ta shige 70 tun motar na tsaye. Milimita 10 kacal suka rage maka kafin robar. Mutum biyu su shiga motar, kun zauna a kan roba ke nan. Wannan dum ɗin da kake ji, ba sifirin kake hawa ba, roba kake hawa.

Baba Bakanike:
Ɗana Injiniya, lissafinka na ji shi. Amma ni shekaruna a ƙarƙashin mota sun fi talatin, kuma da hannuna na sha ɗaure zobe mota ta yi tauri kamar amalanke. Wannan fa gani na yi, ba labari aka ba ni ba.

Injiniya:
Ban musa abin da ka gani ba, Baba, kuma yana faruwa ta hanya biyu. Ta farko, idan sifirin irin mai tazara daban-daban ne, wani wuri a matse wani wuri a buɗe. Shi kam in ka ɗaure ka cinye sashen mai laushi tun shoka na miƙe, farkon tafiyarta zai yi tauri. Ta biyu ita ce ta fi yawa: an ɗaure zoben ya wuce kima. A misalinmu, in ka matse sifirin milimita 30 tun kafin a sauke mota, ka riga ka ɗora masa kilo 240. Nauyin motar zai ƙara matse shi milimita 10 ne kawai. Wato taya ba ta da inda za ta sauka sai milimita 10. Ko wane ɗan gangare, shoka ta miƙe ta kai ƙarshe ta buga, taya ta bar kwalta. Mai tuƙi zai rantse sifirin ya yi tauri, alhali tafiyar sauka ce ta ƙare. Abin da nake gudu shi ne a ce masa ya ɗaure tamau, ya je ya yi wannan.

Baba Bakanike:
Wannan ta biyun na yarda da ita, don na san wannan bugun. Ƙararsa daban ce da ta dukan roba, ita a sama take fitowa, kamar an ja abu ya tsinke. To ka faɗa masa adadin da zai ɗaure, kada mu bar shi a tsakiya.

Injiniya:
Takardar da ta zo da kayan ita ce gaba da maganar kowa. In babu, abin da aka saba shi ne a murɗa zoben da hannu har ya taɓa sifirin ya daina wasa, a yi alama, sannan a ƙara milimita 3 zuwa 5 da sifana, a kawo zobe na biyu a kulle. Daga nan an gama da waɗannan zobban biyu. Tsayin mota kuma a zobe na uku ake nemansa: a kwance shi, a juya gangar shokar gaba ɗaya ta shige cikin gindin ko ta fito. Shokar ce ke gajarta, tafiyar sandarta ba ta canja ba.

Mai Jar Mota:
Ina bin zancen nan da kyau, amma ya rikita ni. Tawa koyilobar ba ta da zobe na uku sam. Gindin a haɗe yake da ganga. Ni da zoben sifirin nake saukewa, kuma haka takardar ta ce. Ke nan shekara biyu ina kan kuskure?

Ɗan Tsere:
A'a Hajiya, ba ki yi kuskure ba. Iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ƙera su don a sauke su ta zoben sifirin, irin KW V1 zuwa V3 da Bilstein B14, duka na Jamus. Su an riga an gajarta gangar, an lissafa tafiyar sandar a kan iyakar da aka rubuta a takarda, daga milimita kaza zuwa kaza. Da yawansu ma suna da wani ɗan ƙaramin sifirin mai laushi a sama ko a ƙasan babban, aikinsa kawai ya riƙe babban kada ya yi wasa idan taya na lilo. Muddin kina cikin iyakar da aka rubuta, lafiya lau. Na Mai Farar Mota kuma ɗaya irin ne, kamar BC Racing BR ko Tein Flex Z, masu gindi mai zare. Matsalar ita ce mutum ya kalli bidiyon iri ɗaya ya je ya aikata a kan ɗayan.

Sai dai ina da ja a kan maganar Injiniya, don ya sa abin ya yi kamar saukewa ta gindi ba ta da haɗari. Tana da shi. In ka gajarta shokar milimita 30, tafiyar ba ta ragu ba, gaskiya ne, amma duk tafiyar ta matsa sama milimita 30. Wurin da taya za ta tsaya idan shoka ta shige ƙarshe ya ƙara shiga cikin mudigad. Sai ka tarar taya ta ci ƙarfen mota ko ta yanke wayoyin da ke bi ta saman mudigad tun robar ba ta fara aiki ba. Na taɓa ganin taya sabuwa da aka zaga mata tsagi a kafaɗa kamar da wuƙa, leɓen mudigad ne ya yi. Ni yadda nake yi: in cire sifirin gaba ɗaya, in mayar da shoka da taya, in sa jak a ƙarƙashin ƙafar in ɗaga har roba ta matsu, in juya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, in zura hannu in ji ko akwai inda ke taɓawa. Inda taya ta kusa taɓawa, nan ne iyakar gajartar shokar. Aikin yini ne, amma sau ɗaya ake yin sa.

Injiniya:
Na karɓa, kuma ƙari a kai: ta ɗaya ɓangaren ma akwai iyaka. Mai son ɗaga mota kada ya warware gangar har ya rage zare kaɗan a cikin gindi. A ƙafar gaba irin ta MacPherson, shokar ba duka kawai take sha ba, ita ce ke riƙe da taya a tsaye, duk ƙarfin kwana da na birki ta wannan zaren yake bi. Masu ƙerawa na rubuta mafi ƙarancin zaren da dole ya kasance a ciki, a nemi wannan adadin a kiyaye.

Sai Ta Taɓa Ƙasa:
Ku dai kuna tsorata mutane. Tawa na sauke ta milimita 70, yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin taya da mudigad, kuma ina hawanta kullum. Mota in ta yi ƙasa ai ta fi kama hanya, kowa ya san wannan. Motocin tsere a ƙasa suke.

Ɗan Tsere:
Ɗan'uwa, in don kyau ka yi, motarka ce, kuma ni ma ina son ganin mota a zaune. Amma batun kama hanya ban yarda ba. Motar tsere tun a zane aka ƙera ƙafafunta don wannan tsayin. Taka an ƙera ta ne don tsayin da ta fito da shi. Durƙusa ka leƙa lowa am ɗinka, wato hannun ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota, motar na tsaye. A yadda ta fito, ƙarshensa na wajen taya ya fi na ciki sauka kaɗan, ko su yi daidai. In ka ga na wajen taya ya fi na ciki tsayi, ka wuce gona da iri. A wannan yanayin, wurin da motar ke jingina a kai idan tana kwana yana faɗuwa ƙasa fiye da yadda nauyinta ya sauka, sai ta ƙara son kwantawa gefe, sifirin mai tauri ne kawai ke ɓoye maka. Tayarod ma, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya karkace, duk sanda taya ta hau tudu sai ta ɗan juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba. Ba ka jin motar na fizga a hanya mai gargada?

Sai Ta Taɓa Ƙasa:
Tana ɗan yi, amma na saba. Abin da ya fi damuna robar shaf ɗin da ke juya taya ce, sau biyu ina canjawa a shekara ɗaya.

Baba Bakanike:
Ai ruwa ba ya tsami banza, ɗana. Shaf ɗin a karkace yake juyawa dare da rana, dole roba ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Ɗago ta ko da milimita 25 ne ka ga bambanci.

Mai Farar Mota:
Na fahimci kuskurena na farko sarai. Saura batun milimita 8 ɗin nan na hagu. In na mayar da komai daidai kuma ya dawo fa?

Mai Alaimen:
Nan ne nake da abin cewa. Awon da ka yi tun farko ba shi da tabbas. Daga ƙasa zuwa mudigad, iskar taya ta shiga lissafin, cin taya ya shiga, ramin da ke daɓen ya shiga. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen mudigad, a miƙe. Ka manna ɗan salatif a mudigad ka ja layi, don kullum wuri ɗaya za ka ɗora tef. Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe na gaske, man da ke tanki ya zama kusan ɗaya duk sanda za ka auna. Kuma kada ka auna da zarar ka sauke daga jak, domin tayoyin na sauka ne a tsuke, sun riƙe motar a sama. Tura ta gaba da baya 'yan mitoci, ko ka zaga da ita ka dawo.

Bayan duk wannan, in ka ga bambancin milimita 3 ko 5, ka bar shi. Mudigad ba ma'auni ba ne, balle in an taɓa yi wa motar gyaran jiki. Inji da batir da giya ma ba a tsakiya suke ba.

Ɗan Tsere:
Kuma ga abin da ya sa kwanarka ta bambanta. Ka ɗauki tebur mai ƙafa huɗu, ka sa takarda a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Nauyi zai koma kan wannan ƙafar da wadda ke kusurwar da ke fuskantarta, sauran biyun su yi sauƙi. Da ka ɗago gaban hagu shi kaɗai, ka ƙara wa gaban hagu da bayan dama nauyi, ka rage wa gaban dama da bayan hagu. A ido motar ta daidaita, a kan taya kuwa ta karkace. Masu tsere na ɗora mota a kan sikeli huɗu, direba na ciki, an kwance linkejin sitabilaiza, wato sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, su haɗa nauyin gaban dama da na bayan hagu su ga ya zama kashi 50 cikin 100 na nauyin motar. In ba ka da sikeli, abin da ya fi kusa shi ne tsawon shokar hagu da ta dama su zama ɗaya, a gaba da kuma a baya. Wani lokacin ma saukar gaban hagu daga bayan dama take, shi ne ya yi tsayi ya danno ta. Ka auna huɗun kafin ka taɓa ɗaya.

Baba Bakanike:
Ku bar ni in faɗi abin da ba a rubutawa a takarda. Kafin ka juya kowane zobe, wanke zaren da burushi, ka fesa mai, ka goge. Yashi ɗaya in ya shiga tsakanin zoben alminiyom da gangar ƙarfe, ya isa. An taɓa kawo min wata da aka yi wa aiki da guduma da kurfi, haƙoran zoben duk sun tauye, zoben ya kafe a karkace, sai da na yanka shi da zarto a hankali ina tsoron kada in taɓa ganga. Rabin yini a kan zobe ɗaya. Kada ka juya zobe nauyin mota na kansa, kuma kada ka sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne.

Na biyu, bushin. Robar da ke cikin lowa am ba juyawa take a kan kusa ba, murɗewa take. An ɗaure ta ne a tsohon tsayi. Da ka sauke mota, tana murɗe ko motar na ajiye, kuma tana ɗan riƙe motar sama, shi ya sa wani ke ganin mota ta ƙara sauka bayan wata guda, ashe bushin ne ya yage. Ka sassauta notinan, ka sauke motar a kan tayoyinta, sannan ka ɗaure. Ka duba tiyon birki da wayar ABS kada su ja idan an juya sitiyari.

Mai Alaimen:
Alaimen kuma shi ne na ƙarshe, kada ka zo mana sai ka gama wasa da tsayi. Saukewa na sa saman tayoyi ya kwanta ciki, wannan kowa na gani. Wanda ba a gani shi ne bakin tayoyin ya buɗe ko ya tsuke, kuma shi ya fi cin taya da sauri. Ka yi kwana biyar zuwa sati kana hawa, ka sake awo, in bai motsa ba ka kawo.

Mai Farar Mota:
Salam 'yan zaure, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na bi abin da kuka ce. Na mayar da zobban sifirin, milimita 4 bayan sun taɓa, na kulle. Na cire sifirin na gaba na yi gwajin Ɗan Tsere, kuma da na gajarta 30 taya na gogar robar cikin mudigad idan sitiyari na ƙarshe, don haka na tsaya a 22. Zaren nawa duk zagaye ɗaya milimita 1.5 ne, na gane haka da na yi zagaye 10 na auna na ga 15, sai na riƙa ƙirgawa da alamar fenti. Dum ɗin ya tafi, ƙwal ɗin ya tafi. Na ɗaura ɗan igiyar roba a sandar shoka don in ga iya inda take kaiwa, bayan kwana uku na tarar ta tsaya kusan milimita 6 kafin robar. Hagu da dama bambancin 3 ne yanzu, na bar shi.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. A gaba, abin da na gajarta kusan shi motar ta sauka. A baya kuwa na gajarta 10, motar ta sauka 14. Na sake awo sau uku.

Injiniya:
Awonka daidai ne. A gaba shokar na kusa da taya, suna tafiya kusan tare. A bayan motarka kuwa an ɗaure ta ne a jikin hannun ƙafar, can ciki, ba a ƙarshensa ba. In tana wajen kashi 70 cikin 100 na tsawon hannun, duk milimita 7 a shoka milimita 10 ne a taya. Raba 10 da 0.7, ka ga 14 ɗinka. Nan gaba in kana son baya ya motsa 10, kusan zagaye biyar ya ishe ka. Yanzu yaya gaba da baya suke, in ka kwatanta da yadda motar ta fito?

Mai Farar Mota:
Baya ya fi gaba sauka da kusan milimita 6 a kan yadda take da.

Baba Bakanike:
Ɗago bayan ya dawo daidai da gaba kafin ka je alaimen, don in ka ɗauki mutum uku a baya da kaya a but, can ne za ta fara zama. Kuma ka haska fitilunka a bango da daddare ka gani, in bayan ya sauka suna ɗaga kai su shiga idon mai tahowa. Zagaye uku kowane gefe, ka sake turo mana awon.